Aika kaya ta jirgin sama zuwa Turai da Amurka: a hannun wa ya fi a tantance kayanka?

Duk wanda ya taɓa tura zoɓorodo, citta, fata ko turare zuwa ƙasar waje ta jirgin sama ya san tambayar farko da ake yi wa ejan: nawa ne kilo? Tambaya ce mai amfani, amma ba ita ke sa kaya su shafe sati a sito ba. Abin da ke tsayar da kaya shi ne rashin amsar wasu tambayoyi uku: a ina aka tantance su aka tabbatar babu abin fashewa ko na tayar da gobara a ciki, wa ya sa hannu a kan haka, kuma wa ya tsare su daga wannan lokaci har aka rufe ƙofar jirgi. Hanyoyi huɗu ne a gaban mai kaya, kuma duk bambancinsu a kan waɗannan tambayoyi yake.

Dokar da ta jawo wannan duka

A ƙarshen Oktoban 2010 aka gano bama-bamai biyu da aka ɓoye cikin robar tawadar firinta, an aiko su daga Yaman da adireshin birnin Shikago. An kama ɗaya a Dubai, ɗaya a filin jirgin East Midlands na Ingila. Bayanan sirri daga Saudiyya ne suka tona asirin, kuma na Ingila sai da aka sake komawa kansa, don binciken farko bai ga komai ba. Daga nan aka daina ɗaukar kago, wato kayan da ake turawa ta jirgi, a matsayin abin da takarda kaɗai ta isa ta wanke shi. A Yulin 2024 kuma wasu ƙunshin saƙo suka kama da wuta a rumbunan DHL na Leipzig da Birmingham, abin da ya sa aka ƙara tsananta tambaya kan wane ne ainihin mai aika kaya.

Tushen dokar yana cikin Rataye na 17 na yarjejeniyar Shikago ta sufurin jiragen sama, wanda hukumar jiragen sama ta duniya, ICAO, ke kula da shi. Taƙaitaccen abin da ya ce shi ne: kaya ba sa hawa jirgi sai an tantance su da na'ura ko da hannu, ko kuma sun fito daga hannun wanda hukuma ta amince da shi, aka tsare su daga nan har jirgi. Daga 30 ga Yunin 2021 aka rufe sassaucin da ake yi wa jiragen da ke ɗaukar kaya zalla, yanzu da su da jiragen fasinja ƙa'ida ɗaya ce. A Najeriya hukumar kula da sufurin jiragen sama, NCAA, ce ke aiwatar da wannan ƙarƙashin kashi na 17 na dokokinta, a Nijar kuma takwararta ANAC.

Sai dai ƙasar da kaya za su shiga tana da nata sharaɗin a kan wannan. Tarayyar Turai ta kafa tsarin ACC3 a 2012: kamfanin jirgin da zai ɗauko kaya daga filin jirgi na wajen Turai, in ban da ƙasashen da aka keɓe, sai ya sami wannan shaida a kan wannan filin, kuma daga Yulin 2014 sai mai bincike da Turai ta amince da shi ya zo ya gani da idonsa. A ƙarƙashinsa akwai RA3, shaidar wakilin da ke tantance kaya, da KC3, shaidar mai kayan da ke shirya su da kansa. Birtaniya ta kafa nata irin wannan tsari daban bayan ficewarta daga Tarayyar. Amurka kuwa hukumar TSA ce ke shimfiɗa wa jiragen da ke shigarta ƙa'ida, kuma tun Disamban 2012 duk kayan da jirgin fasinja zai shigar mata sai an tantance su ɗari bisa ɗari.

Akwai kuma tantancewar da ba ta taɓa kwali, wato ta bayanai. Kafin a loda kaya zuwa Amurka, tun Yunin 2018, sai an tura bayanansu ta tsarin ACAS. Turai tana da ICS2, wanda ya haɗa da kagon jirgin sama daga Maris 2023. Abin da Turai ke nema kafin lodi bai da yawa: sunan mai aikawa da adireshinsa, sunan mai karɓa da adireshinsa, adadin ƙunshi, nauyi, bayanin kaya, da lambar takardar jigilar kaya ta jirgi, wato AWB. Amsa tana iya dawowa a ce a ƙara bayani, ko a sake tantance kayan, ko a ce kada a loda su sam. Wanda ya rubuta “kayan abinci” ko “kyauta” a gurbin bayanin kaya, shi ya gayyato wa kansa tambaya. A rubuta busasshen furen zoɓorodo, buhu kaza, da lambar HS ɗinsa, wato lambar da kwastan ke gane nau'in kaya da ita.

Ma'aunin da za a auna kowace hanya

Na farko, kuma wanda ya fi sauran nauyi, shi ne karɓuwa: shin tantancewar da aka yi wa kayanka tana da daraja a ƙasar da za su? Wakili na iya riƙe lasisin NCAA mai kyau, amma idan ba shi da RA3, to ga jirgin da zai nufi Turai kayan da ya tantance tamkar ba a taɓa su ba ne, sai an sake.

Na biyu kuɗi, kuma a nan a haɗa da abin da ba ya cikin farashin kilo: kuɗin tantancewa, kuɗin rumbu idan kaya sun wuce lokacin da ake ba da kyauta, sake ɗaurin falet (dandamalin da ake jera kaya a kai a ɗaure su wuri guda), da asarar jirgin da ya wuce. Na uku lokaci. Na huɗu ɗorewa, wato tsawon ran shaidar da abin da ake kashewa wajen riƙe ta. Na biyar haɗari: wa zai amsa tambaya idan aka sami wani abu a cikin kaya.

Na shida shi ne wanda ’yan kasuwarmu suka fi mantawa da shi, wato yanayin kayan kansu. Hanyoyin tantancewa da doka ta yarda da su sanannu ne: na'urar eksire wadda ma'aikata ke kira sikana, na'urar gano ɓurɓushin abin fashewa da ake shafa wa kaya ƙyalle a saka mata, karnukan da aka horar, binciken hannu, duban ido, da na'urar gano ƙarfe ga wasu nau'in kaya. Ƙa'ida ita ce a zaɓi hanyar da ta dace da kayan. Sikana tana ganin cikin kwalin atamfa ko takalma ba wahala. Amma a jibga buhunan riɗi ko ƙaro a falet guda, ko durom na man kaɗanya, ko fata da aka danne ta sosai, hoton zai fito baƙi ƙirin, mai dubawa ba zai iya cewa ya ga komai ba. Idan hoto ya yi duhu ba shi da ikon wucewa da kayan. Sai a warware falet a shigar da buhu ɗaya ɗaya, ko a buɗe, ko a nemi wata hanya. Durom da ba ya buɗuwa kuma sikana ba ta ratsa shi yana iya komawa gida. Saboda haka mai irin waɗannan kaya lissafinsa daban yake da na mai tura huluna.

Hanya ta ɗaya: ka kai kaya rumbun filin jirgi a tantance a can

Wannan ita ce hanyar da yawancin mutane ke bi, ko sun san sunanta ko ba su sani ba. Kana tattara kayanka, kai ko ejan ɗinka ku kai su rumbun fitar da kaya na kamfanin da ke yi wa jirgi hidima a ƙasa, kamar NAHCO ko SAHCO a Najeriya. A idon doka kai baƙo ne, kayanka ba su da wata shaida, don haka komai sai ya bi ta na'ura. Kamfanin ne zai tantance, ya cike takardar shaidar tsaro da ake kira CSD, ya rubuta matsayin kayan: SPX idan sun cancanci hawa kowane jirgi, SHR idan an yi masu tantancewar kaya masu babban haɗari, tare da hanyar da aka bi, misali XRY, wato sikana, ko ETD, wato na'urar gano ɓurɓushin abin fashewa.

Amfaninta a fili yake. Ba ka buƙatar jari, ba ka da shaidar da za ta ƙare, kuma da zarar kaya sun wuce na'ura suna cikin yankin da aka killace, ba sauran tafiyar mota da za ta ɓata matsayinsu. Kuɗin tantancewa a kan kilo ake yankawa, da mafi ƙarancin abin da za a biya ko da kayan ’yan kaɗan ne.

Illarta ita ce komai yana faruwa a ranar ƙarshe, a wuri mai cunkoso. A rumbu ɗaya kwastan za su duba, NDLEA su duba, jami'an NAQS su duba kayan gona, NAFDAC ta nemi takardarta, sannan a shiga layin sikana. Idan a nan ne aka gano falet ɗinka ya yi duhu, a nan za a warware shi, a gaban jama'a, jirgi na jira. Busassun kaya za su jure wannan. Ɗanyen barkono ko ganye ba za su jure ba. Kuma shaidar RA3 ta wuri ce, ba ta kamfani gaba ɗaya ba: don rumbun Legas yana da ita, ba shi ne ke nufin na wani gari yana da ita ba. Ka tambayi kamfanin jirgin kai tsaye ko rumbun da za ka kai kaya yana cikin tsarinsa na Turai.

Babban haɗarin wannan hanya ba a rumbun yake ba, a bakin ƙofa yake. Ɗan kamashon da ya tare ka ya ce zai haɗa kayanka da na wasu don kilo ya yi sauƙi, ba shi da lasisi, ba ya sa hannu a komai. Idan aka haɗa kwalayen mutum goma a takarda ɗaya aka sami ƙwaya a ɗaya, duka goman za a riƙe, kuma wanda sunansa ke kan takarda shi za a fara nema. Kada ka yarda a aika kayan wani da sunanka, ko naka da sunan wani, komai rangwamen.

Hanya ta biyu: wakili mai lasisi da ke tantancewa a rumbunsa

Wakili mai lasisi, wanda ake kira RA, kamfanin tura kaya ne da hukuma ta duba rumbunsa, na'urorinsa, ma'aikatansa da rubutaccen tsarinsa na tsaro, ta ba shi ikon tantance kaya da ba su matsayi. Wanda ya ƙara da RA3 kuma, Turai ta yarda da sa hannunsa. Shaidar RA3 ba ta wuce shekara 3, daga nan sai mai bincike ya dawo.

A ganina, ga wanda ke tura kaya a kai a kai, nan ne kuɗi ya fi yin aiki, kuma dalilin ɗaya ne: matsala tana fitowa da wuri. Idan falet ya yi duhu, kwana biyu kafin jirgi za a sani, a rumbu mai fili, a warware a tantance buhu ɗaya ɗaya a sake ɗaurewa cikin natsuwa. Wakilin kirki zai gaya maka tun farko girman kwalin da bakin na'urarsa ke ɗauka da nauyin buhun da take iya ratsawa, ka shirya kayanka a kan haka. Shi ne kuma zai tura bayanan ICS2 ko ACAS na takardun AWB na masu kaya ɗaya ɗaya da ke ƙarƙashin babbar takardarsa, ya kuma gyara bayanin kaya kafin a tura, ba bayan an dawo da tambaya ba.

Amma a nan ne ake yawan ruɗar mutane. Kusan kowane ofis da ke da hoton jirgi a allonsa yana kiran kansa wakili. Rajista da ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta duniya, IATA, ko lasisin kwastan, ko takardar CAC, babu ɗaya da ke nufin kamfani yana da ikon tantance kaya. Da yawa daga cikinsu dillalai ne nagari masu samo farashi mai kyau, amma a ƙarshe rumbun filin jirgi suke kai kaya, wato hanya ta ɗaya ce ka bi da ƙarin kamasho. Wannan ba laifi ba ne idan ka san abin da ka saya. Tambayoyin da ke raba su su ne: ina lambar shaidarku, wane rumbu ta shafa, yaushe za ta ƙare, kuma ku nuna min CSD ɗin da kuka cike wa wasu kaya a makon jiya. Lambar RA3 tana cikin kundin Tarayyar Turai, kamfanin jirgi na iya tabbatar maka da ita.

Sai batun hanya. Kayan da aka tantance suna riƙe matsayinsu ne muddin ba a sami damar taɓa su ba. Dole su tafi filin jirgi a rufaffiyar mota mai hatimi mai lamba, direba sananne, da takardar da ya sa wa hannu. Idan hatimi ya karye, ko leda ta yage sosai, matsayi ya faɗi, kuma kayan da suka nuna alamar an taɓa su ana iya mayar da su rukunin masu babban haɗari, a tantance su ta fiye da hanya ɗaya. Ga mai kaya a Arewa wannan yana da ma'ana babba. Tsakanin Kano da Legas kusan kilomita 1,000 ne, da shingayen bincike da ba sa ƙirguwa, kuma jami'in da ya ce a buɗe ba ruwansa da hatiminka. Biyan kuɗin tantancewa a Kano don kayan da za su bi titi zuwa Legas, sau da yawa biya sau biyu ne. Ko dai kayan su tashi daga filin jirgin Malam Aminu Kano, ko a bar tantancewa sai kusa da inda za su hau jirgi. Haka ma a tabbatar kwastan da NDLEA sun gama buɗe abin da za su buɗe kafin tantancewar tsaro, ba bayanta ba.

Kuɗinsa ya fi na hanya ta ɗaya a kan takarda, tunda kana biyan rumbu, na'ura da motar hatimi. Ta fuskar alhaki kuwa, shi ke ɗaukar nauyin tantancewa, amma gaskiyar bayanin kaya tana wuyanka.

Hanya ta uku: ka zama sanannen mai aika kaya

A nan ba kayan ake tantancewa ba, kai ake tantancewa. Mai bincike zai zo masana'antarka ya duba yadda kaya ke tafiya daga lokacin da aka ware su don jirgi: wa ke shiga ɗakin shirya su, yaya ake kulle shi, an binciki tarihin ma'aikata, an horar da su, akwai mutum guda da aka ɗora wa alhakin tsaro, ɗaurin kayan zai nuna idan an taɓa shi, wace mota ke ɗauka. Idan ya gamsu, kayanka suna fita daga ƙofarka da matsayinsu, ba dole sai sun bi ta sikana ba. Ga kayan Turai wannan ita ce KC3, ita ma shekara 3 take yi.

Ga masana'antar da ke tura durom na man kaɗanya, garin zogale da aka rufe ba iska, ko fatar da aka jeme aka danne, wannan na iya zama bambancin tura kaya da rashin turawa, domin kayansu su ne waɗanda na'ura ba ta ratsawa, buɗe su kuma ɓata su ne.

Sai dai sharuɗɗanta sun fitar da yawancin ’yan kasuwa. Shaidar ta wanda ke samar da kaya ne don kansa, a wuri guda sananne. Wanda ke sayen ɗinkakkun buhuna a Dawanau ya loda su yadda suke ba zai iya rantsuwa kan abin da ke tsakiyar buhu ba. Sai in yana zazzage su a sitonsa, a tace, a sake zubawa, a rufe a ƙarƙashin idon ma'aikatansa. Wanda ke karɓar kayan wasu ya haɗa da nasa kuwa ya fita daga ma'anar gaba ɗaya.

Kuɗinta a gaba ake zuba shi: ladan mai bincike da tikitinsa da masaukinsa da kuɗin waje, gyaran katanga da ƙofofi, kyamarori, horo, da albashin wanda zai riƙe takardu. Kuma ba abu ba ne da ake yi sau ɗaya a huta. Sabon lebura guda da aka ɗauka aka tura ɗakin shirya kaya ba tare da bincike da horo ba ya isa ya jefa shaidar cikin matsala.

Abubuwa biyu ya kamata a tabbatar kafin a kashe sisi. Na ɗaya, Turai tana da jerin wuraren da take ɗaukar kayansu a matsayin masu babban haɗari, jerin da ba a buga shi ga jama'a, amma kamfanonin jirgi sun san abin da ya shafe su. Ka tambayi naka a rubuce: idan na sami KC3, za ku karɓi kayana daga wannan fili ba tare da sake tantancewa ba? Idan amsar a'a ce, ka kashe kuɗi a banza. Na biyu, KC3 ta Turai ce. Jirgin da zai tashi daga Legas zuwa Atlanta ko Washington ƙa'idar TSA yake bi, kayan Landan kuma tsarin Birtaniya.

Hanya ta huɗu: kamfanonin saƙon gaggawa

DHL, FedEx da UPS suna yin komai da kansu: karɓa, tantancewa, tura bayanai, fiton kwastan a can, har ƙofar mai karɓa. Babu hanyar da ta kai wannan sauƙi, babu kuma wadda ta kai ta tsadar kilo. Za su nemi katin shaida, su buɗe kwali a gabanka, su ƙi duk abin da ba ya cikin jerinsu ba tare da doguwar magana ba.

A lura da lissafin girma. A kagon yau da kullum ana ninka tsawo da faɗi da tsayi a santimita a raba da 6,000, su kuwa galibi da 5,000 suke rabawa, sannan a caje ka wanda ya fi yawa tsakanin wannan da ainihin nauyi. Kwali mai 60 da 50 da 40 zai tashi kilo 20 a kago, kilo 24 a wurinsu, ko da busasshen zoɓorodon da ke ciki bai wuce kilo 12 ba.

Akwai hanya ta biyar da ba ta cikin lissafi, wato ba wa fasinja sallahu. Ba zan sa ta a tebur ba. Mutanen Kano ba su manta da ɗalibar da aka tsare a Saudiyya daga ƙarshen 2018 zuwa Afrilun 2019 ba, saboda jakar ƙwaya da aka maƙala wa sunanta a filin jirgi ba da saninta ba. Wanda ya ƙi karɓar maka kwali bai yi rashin zumunci ba.

| Ma'auni | Rumbun filin jirgi | Wakili mai lasisi | Sanannen mai aikawa | Saƙon gaggawa |
|---|---|---|---|---|
| Jarin farko | Babu | Babu | Mai yawa | Babu |
| Kuɗi a kan kilo | Ƙasa, in ba a sami tsaiko ba | Matsakaici | Mafi ƙasa idan kaya na da yawa | Mafi tsada |
| Lokacin da matsala ke fitowa | Ranar jirgi | Kwanaki kafin jirgi | A masana'antarka | Wajen karɓa |
| Kaya masu duhu a sikana | A warware ko a mayar | A warware cikin natsuwa | Ba sai an buɗe ba, in jirgi ya yarda | Ƙanana kawai |
| Tsawon ran shaidar Turai | Ta rumbu ce, shekara 3 | Ta wakili ce, shekara 3 | Taka ce, shekara 3 | Tasu ce |
| Babban haɗari | ’Yan kamasho da haɗa kaya | Wakilin bogi, karyewar hatimi | Sakacin ma'aikata, ƙin karɓa | Ƙin kaya, cajin girma |

Abin da babu hanyar da ke ɗauke maka

Shaidar tsaro tana cewa ne babu bam, ba ta ce kayan ba su da haɗari ba. Wannan wata doka ce daban, ta kaya masu haɗari, kuma ita ta fi kama masu turare. Turaren da aka haɗa da sinadari mai kamawa da wuta yana da lambarsa, UN1266, da irin ɗaurinsa da takardarsa. Gawayin turaren wuta yana cikin rukunin abubuwan da ke iya kamawa da kansu. Batirin litiyam da ba ya cikin na'ura an hana shi hawa jirgin fasinja a matsayin kago tun Afrilun 2016. Ɓoye irin waɗannan a ƙarƙashin sunan kayan kwalliya laifi ne, kuma sikana tana nuna kwalabe da batura sarai.

Haka nan shaidar tsaro ba ta buɗe ƙofar da dokar abinci ta rufe. Turai ta dakatar da busasshen wake daga Najeriya tun 2015 saboda maganin ƙwari, kilishi kuma yana ƙarƙashin dokokin nama masu tsauri a Turai da Amurka. Kaya na iya samun SPX a Legas a ƙone su a can. Rajista da hukumar bunƙasa fitar da kaya, NEPC, da fom ɗin fitar da kayan kasuwanci na NXP su ma suna nan a kowace hanya. Sannan diyya: ƙarƙashin yarjejeniyar Montreal, abin da jirgi zai biya idan kaya sun ɓace ko sun lalace yana da iyaka, SDR 26 (ma'aunin kuɗi na Asusun Ba da Lamuni na Duniya) a kan kilo tun ƙarshen Disamban 2024, wato kusan dala 35. Mai tura jakunkunan fata ko ɗinkakkun manyan riguna ya lissafa darajar kilonsa, in ta wuce haka ya yi inshora.

Wa ya dace da wace

Hajiyar da ke tura samfur, ko oda ta kwali ɗaya ko biyu ga mai saye a Faransa ko Amurka, ta tsaya a saƙon gaggawa, ta matse kwali yadda lissafin girma ba zai cinye ribar ba, ta kuma faɗi gaskiyar abin da ke cikin kwalabe.

Mai tura kaya jefi-jefi, busassu, a ƙananan kwalaye da sikana ke ratsawa, irin su tufafi, huluna da takalma, rumbun filin jirgi ya ishe shi. Ya kai kaya da kwana ɗaya ko biyu a gaba, takarda da sunansa, kuma ya tsaya ko wakilinsa ya tsaya har a gama bincike.

Mai tura kaya duk wata, ko kayan da ke lalacewa, ko buhuna masu nauyi, ko wanda mai sayensa ya yanka masa ranar isowa, ya nemi wakili mai lasisi, in Turai ce mai RA3 a kan rumbun da ke garin da jirgin zai tashi. Wakili ɗaya ya riƙe, domin tun bayan 2024 tsohuwar hulɗa tsakanin mai kaya da mai tura masa ta ƙara daraja a wurin kamfanonin jirgi.

Masana'antar da ke sarrafa kayanta da kanta, tana tura tan-tan zuwa Turai a kai a kai, kayan kuma ba sa ratsuwa ko ba sa son buɗewa, ita ce kaɗai KC3 za ta biya wa kuɗinta, bayan ta sami amsar kamfanin jirgi a rubuce. Kamfanin tura kaya da ke tunanin neman RA3 kuwa ya fara da lasisin NCAA, sannan ya ƙirga tan nawa na kayan Turai ke ratsa rumbunsa a wata kafin ya sayi na'ura, domin sikana mai ɗaukar falet tana son wuta tsayayya, injiniya da horarrun masu dubawa ko da ranar babu kaya.